KOTUN HARAJI TANA JOS, AMMA 'YAN KASUWA BA SU SAN ƘOFARTA BA

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

Ran Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki ƙafa na zaga kasuwar Farin Gada, inda ake sauke tumatir da kabeji da dankalin Turawa, daga nan na gangara Katako wurin masu hatsi da masu katako. Tambaya guda ɗaya tak na riƙa yi wa duk wanda muka gaisa da shi. Na ce, idan malamin haraji ya yanka maka kuɗin da ka tabbata ya fi ƙarfin cinikinka, ina za ka kai kuka? Wani ya ce wurin shugaban kasuwa. Wani ya ce yana da ɗan'uwa a sakatariya. Wani dattijo kuwa dariya ya yi, ya ce ai tsakanin talaka da hukuma babu shari'a, sai dai haƙuri. A cikin duk waɗanda na tambaya ban sami ko mutum guda da ya ambaci kotun da aka kafa musamman domin wannan aiki ba, alhali kuwa kotun nan a garin nan namu take zama.

Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Maganata kuma da mutane uku ce: 'yan kasuwa, da hukumomin haraji, da kuma akantoci da lauyoyi masu ba da shawara kan haraji. Waɗannan na ƙarshe su ne na fi ɗora wa nauyi, kuma zan faɗi dalili.

Kowa dai ya ji labarin sababbin dokokin haraji. A watan Agusta na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ƙaddamar da wani kwamiti a ƙarƙashin Mista Taiwo Oyedele domin ya duba tsarin harajin ƙasar nan baki ɗaya. A watan Oktoba na 2024 aka aika wa Majalisar Tarayya da ƙudurori huɗu. Nan take ƙura ta tashi, domin gwamnonin Arewa da sarakuna sun taru a Kaduna a ƙarshen wannan wata suka ce ba su yarda da yadda ake son raba kuɗin harajin saye da sayarwa ba, watau VAT. Aka yi ta ja-in-ja har aka daidaita. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan dokokin guda huɗu, sa'an nan ranar 1 ga Janairu, 2026, babbar dokar haraji da dokar gudanar da shi suka fara aiki. Tsohuwar hukumar tara haraji ta Tarayya, FIRS, ta koma NRS. Harajin VAT ya tsaya a kan kashi 7.5 cikin 100 kamar yadda yake tun 2020. A wajen rabo kuma, Gwamnatin Tarayya ta sauko daga kashi 15 zuwa 10, jihohi suka hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suka tsaya a kan 35.

To, duk hayaniyar da aka yi wata da watanni, a kan rabo aka yi ta. Wa zai samu nawa, Legas ko Kano, Tarayya ko jiha. Wannan rigimar manya ce, kuma sun sasanta abinsu. Amma akwai wata rigimar da ba a yi mata taro a Kaduna ba, ita ce wadda ke tsakanin mai karɓa da mai biya. A ganina a nan ne za a gane ko gyaran nan gyara ne na gaskiya, ko kuwa canjin suna ne kawai a allon ofis.

Mu mutanen Filato mun san haraji tun ba yau ba. Tun Turawa suka kafa dokar kuɗin ƙasa ta 1906 a zamanin Gwamna Lugga, haraji ya zama bulalar da ke kora magidanta daga gonakinsu zuwa ramukan kuza a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye, domin sai da tsabar kuɗi ake biya, tsabar kuɗi kuwa a hannun kamfanonin kuza take. Kakanninmu da suka zo daga Kano da Bauci da Katsina da Barno, da yawansu neman kuɗin haraji ne ya fito da su daga gida. A wancan zamani idan mai unguwa da malamin haraji suka rubuta maka, an gama. Wanda ya kasa biya ya san rana, ya san igiya. Bafulatani kuma ya san jangali. Shi ya sa lokacin da Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murna kamar ranar salla. An soke harajin, amma tsoron da ya dasa a zukatan mutane yana nan har gobe. Dattijon nan na Katako da ya ce babu shari'a tsakanin talaka da hukuma, da bakin kakansa yake magana.

Alhali kuwa doka ta canza tuntuni. Dokar 2007 da ta kafa hukumar FIRS ita ce ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, aka raba ta wurare takwas: Abuja, Legas, Ibadan, Benin, Enugu, Kaduna, Bauci da Jos. Ta Jos ita ce ta shiyyar Arewa ta Tsakiya. Watau mutumin Makurɗi ko Lafiya sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso wurinta, mu kuwa kuɗin Keke Napep ya ishe mu. Sababbin dokokin 2025 ba su rushe wannan kotu ba, sun ma sake tabbatar da ita. Ba kuma dole ne sai mutum ya ɗauki lauya ba. Yana iya tsayawa da kansa, yana kuma iya wakilta lauya ko ƙwararren akanta. Wanda bai gamsu da hukuncinta ba a kan fassarar doka, yana da damar wucewa Babbar Kotun Tarayya.

Ga yadda hanyar take a taƙaice, ya kai mai karatu, kuma ina roƙonka ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai yi boko ba. Idan hukumar haraji ta aiko maka da takardar ƙiyasi, kana da kwana 30 ka rubuta mata cewa ba ka yarda ba, ka faɗi dalilanka, ka kuma faɗi abin da kai ka yarda ana binka. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ce dole hukumar ta ba ka amsa cikin kwana 90, in kuwa ta yi shiru har wa'adin ya wuce, to an karɓi ƙorafinka ke nan. Wannan babban abu ne, domin a da takardar ƙorafi kan kwana a cikin fayil shekara da shekaru ba amsa. In hukumar ta ƙi sauya ƙiyasinta, kana da wasu kwana 30 ka shigar da ƙara a kotun haraji. Amma in ka bari kwana 30 na farko suka wuce ba ka ce uffan ba, ƙiyasin ya zauna daram, ko da kuwa ƙarya ce tsagwaronta.

Bugu da ƙari, an ƙirƙiro wani sabon ofishi na sauraron koke-koken masu biyan haraji. Shi ba kotu ba ne, ba ya yanke yawan kuɗin da ake bin mutum. Aikinsa shi ne ya saurari wanda jami'in haraji ya wulaƙanta, ko ya riƙe masa takardu, ko ya ƙi bin ƙa'ida a kansa, ya shiga tsakani ya sasanta.

Na ga illar rashin sanin waɗannan kwanaki 30 da idona. Akwai wani ɗan'uwana mai shagon kayan gini, mutum mai riƙon amana amma bai yi karatun zamani ba. Shekarun baya aka kawo masa takarda daga ofishin haraji, da Turanci, cike da lambobi. Ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin tabarma, yana jiran ɗansa ya dawo hutu daga makaranta ya karanta masa. Kafin yaron ya dawo wata biyu sun wuce. Daga nan wani mai kwat da jaka ya ɓullo, ya ce masa, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ni na san mutanen ciki." Ya karɓi na mota, ya dawo ya karɓi na goro, ya sake dawowa ya karɓi na oga. Rasit ko guda bai kawo ba. Ranar da aka zo rufe shago, mai kwat ya yi ɓatan dabo. Da muka kai takardun wurin wani akanta na gaskiya, ya duba ya girgiza kai, ya ce da an zo masa a makon farko da wasiƙa mai shafi ɗaya ta isa. Ƙarshenta ɗan'uwana ya biya kuɗin ƙiyasi, ya biya tara, ga kuma abin da ɗan damfara ya cinye. Rashin sani ya fi dare duhu.

To, a nan ne maganata ta iso kan ƙwararru. Jos ba garin da za a ce babu masana lissafi ba ne. Kwalejin horar da akantoci ta ƙungiyar ANAN tana Kwall, nan kusa da mu. Jami'ar Jos tana yaye akantoci da lauyoyi kowace shekara. Akwai 'ya'yan ƙungiyar ICAN wadda aka kafa tun 1965, akwai na Cibiyar Masana Haraji ta Nijeriya wadda ta fara a 1982. Tun da aka sa hannu a kan dokokin nan ƙwararrun ƙasar nan suke ta taron ƙara wa juna sani a manyan otal-otal, ana shan shayi ana raba takardar shaida. Ban ce wannan laifi ba ne, domin idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Amma ina tambaya: a cikin duk wannan ilmi da ake tarawa, nawa ne ya sauko Dilimi, ko Kwararafa, ko kasuwar shanu ta Bukuru? Manyan kamfanoni da bankuna suna da masu ba su shawara tun fil azal, ba su taɓa rasa hanyar kotu ba. Wanda ke bukatar akanta ya fi kowa shi ne wanda bai taɓa shiga ofishin akanta ba.

Bari in ba da misali da lissafi, don a ga abin da mutum ke asara idan babu mai nuna masa. A sabuwar doka, Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu ko kwabo. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, haka abin ke hawa har ya kai kashi 25 ga wanda ya haura miliyan 50. Mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta an yafe masa. Sa'an nan mai zaman haya ana rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa daga abin da za a yi wa lissafi, muddin rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Yanzu a ce tela ne, ribarsa ta shekara bayan ya fitar da kuɗin zare da wuta da yara ta kama Naira 1,200,000. Harajinsa kashi 15 ne na Naira 400,000, watau Naira 60,000. In yana biyan hayar gida Naira 300,000 kuma yana da shaida, sai a rage 60,000, harajin ya sauko Naira 51,000. Amma in telan nan ba shi da littafi, ba shi da rasit, doka ta ba hukuma dama ta yi masa ƙiyasi. Jami'i zai leƙo ya ƙirga kekuna, ya dubi yadin da ke rataye wanda ma na masu kawo ɗinki ne, ya rubuta abin da ya ga dama. Da me telan zai musa?

Saboda haka babban makamin mai biyan haraji shi ne littafin ciniki, tun kafin a kai ga lauya. A nan kuwa 'yan'uwana 'yan kasuwa, ku yi mini haƙuri, laifinku ne. Mutum yana juya miliyoyi amma lissafinsa duk a ka yake, kuɗin shago da kuɗin cefane a aljihu ɗaya, asusun banki ɗaya. Yau kuwa zamanin ɓuya ya wuce, domin lambar katin ɗan ƙasa ita ce ta zama lambar harajin mutum, ciniki kuma ya koma ta waya. Wanda ya ga kuɗi na shiga asusunka bai san wanne ne uwar kuɗi wanne ne riba ba, bai san wanne ne ajiyar wani ba, sai kai ka nuna masa a rubuce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na san abin da akantoci za su ce. Za su ce su ma da iyali, mai shago ɗaya ba zai iya biyan ladan aikinsu ba. Gaskiya ne. Amma abin da mutum ɗaya ya kasa, ƙungiya tana iyawa. Kowace kasuwa a garin nan tana da ƙungiya, tana da shugaba da ma'aji, ana kuma karɓar kuɗin mako. Me zai hana ƙungiyar masu hatsi ko ta masu kayan gwari ta ɗauki akanta guda da lauya guda a shekara, su riƙa zama a ofishin ƙungiya rana ɗaya a mako, duk wanda aka kawo wa takarda ya kai musu tun da zafinta? Me zai hana ƙungiyoyin ƙwararru su tura ɗalibansu kasuwanni su koya wa mutane rubuta shiga da fita, a lissafa musu shi cikin horonsu? Wanda ka koya wa riƙe littafi yau yana da shago ɗaya, gobe in ya zama mai kamfani ai ba zai nemi wani ba sai kai.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata ƙwararrun su sa wa ido, don su ne masu bakin magana a kai. Na farko, sabuwar doka ta ce wakilin da zai tsaya wa mutum a gaban hukumar haraji sai wanda hukumar ta tantance. Wannan yana da kyau ta fuska ɗaya, domin zai kori irin mai kwat ɗin nan da ya cuci ɗan'uwana. Amma ta ɗaya fuskar akwai abin dubawa. Idan wanda kake jayayya da shi shi ne mai ba ka izinin aiki, anya bakinka ba zai yi nauyi ba? Wajibi ne ƙungiyoyin akantoci da lauyoyi su tsaya a kan cewa ƙa'idar tantancewa ta fito fili, kuma kada a cire sunan kowa don kawai ya kayar da hukuma a kotu.

Na biyu shi ne batun ajiye kuɗi kafin a saurari ƙara. Ƙa'idojin kotun haraji na 2021 sun ce sai mai ƙara ya ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai. Babban lauya Joseph Daudu ya ƙalubalanci wannan, a watan Nuwamba na 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce sharaɗin ya saɓa wa tsarin mulki, domin ya tauye haƙƙin mutum na a saurare shi. Hukuncin nan ya yi daidai. Mutumin da aka yanka wa abin da ba shi da shi, ina zai samo rabinsa? Duk ta ƙofar da irin wannan sharaɗi ya nemi dawowa, a tare shi. Kada kuma a manta cewa a watan Disamba na 2025 ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce dokokin da aka buga a jaridar gwamnati sun sha bamban da waɗanda majalisa ta zartar, har shugabannin majalisa suka ba da umurni a sake bugawa. Don haka duk mai ba da shawara ya tabbata kofen da ke kan teburinsa shi ne sahihi, kada ya jefa wanda ya amince masa cikin rami.

Sai hukumomi. Roƙona gare su bai da yawa. Kowace takardar ƙiyasi da za ta fita, a buga a bayanta da Hausa da Turanci mai sauƙi cewa mai wannan takarda yana da kwana 30, ga inda zai kai ƙorafi, ga adireshin kotun haraji. Wannan bai fi kuɗin tawada ba. A yi shiri a gidan rediyo da talabijin na jiha da Hausa da Berom da Ngas da Tarok da Mwaghavul, a riƙa amsa tambayoyin jama'a. Ofishin sauraron koke-koke kuma kada ya maƙale a Abuja, ya buɗe ƙofa a Jos inda mai faci da mai shayi za su iya shiga da silifas ba a kore su ba.

Har ila yau a tuna cewa yawancin rigimar haraji da talaka ke fuskanta ba ta da takarda balle ta kai kotu. A kan hanya take. Direban da ya ɗauko dankali daga Bokkos ko masara daga Mangu ya san sau nawa ake tsayar da shi da katako mai ƙusoshi, ana miƙo masa tikiti kala-kala, wani da hatimi wani babu. Tun 1998 dokar soja mai lamba 21 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta tare hanya don karɓar haraji. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, katakon bai bar kan titi ba. An ce an cire VAT daga kan kayan abinci na yau da kullum da magani da karatu, madalla. Amma muddin ana tatsar motar tumatir a kowace mararraba, uwargida ba za ta ga sauƙin nan a kwandon cefanenta ba.

Ni ba na cikin masu cewa kada a biya haraji. Babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone tun watan Fabrairu na 2002, kuma duk wanda ya san yadda garin nan yake kafin gobarar ya san abin da muka rasa. Hanya da asibiti da ruwan famfo ba sa saukowa daga sama. Sai dai mutum ya fi sakin hannu idan ya san abin da ake binsa daidai ne, kuma in an zalunce shi akwai inda zai je a saurare shi. Hukumar da ke son a biya ta da daɗin rai, ita ya kamata ta fara nuna wa mutane ƙofar kotu.

Doka ta ba da kwana 30, ta ba da kwana 90, ta ajiye mana kotu a cikin gari. Saura masu ilmin abin su fito daga ofis su shiga kasuwa, 'yan kasuwa kuma su sayi littafi da biro tun kafin takarda ta iso. Wanda aka kawo wa takardar haraji a makon nan, kada ya sa ta ƙarƙashin tabarma. Ya dubi kwanan watan da ke jikinta, ya fara ƙirga.

Allah ya sa mu gane, ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci.